Turke kafin tiraka: yadda babur zai kwana lafiya a gidan da babu gareji a Wasagu

Duk matashin da ya sayi babur a 'yan shekarun nan ya ci karo da tallar. Tana fitowa a Facebook da TikTok da sitatus ɗin WhatsApp: wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana girma sosai ba, a ɓoye ta a jikin mashin, a sauke manhaja a waya, shi ke nan duk inda babur ya shiga ana ganinsa a taswira, har ma a kashe injinsa da saƙon tes. Na'urar bin sawu ce, wadda aka fi sani da tiraka. Fasaha ce ta gaske, kuma tana aiki. Amma ga mai babur a Wasagu wanda gidansa ba shi da gareji, ba a kanta ya kamata kuɗin farko su tafi ba. Abin da babur ya fi buƙata idan dare ya yi shi ne abin da kakanni suke yi wa doki, wato turke.

Abin da ake asara idan babur ya tafi

Wasagu tana cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu mai hedkwata a Ribah, a masarautar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, yankin da ya yi iyaka da Zamfara da Neja. A nan babur shi ne ƙafa. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai buhun masara kasuwar Bena, da shi ake ɗaukar mai naƙuda cikin dare, kuma shi ne jarin ɗan kabu-kabu gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin sabon Bajaj Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Matasa da yawa da amfanin gonar shekara guda suka saya, wasu kuma na mai gida ne suke biya kaɗan-kaɗan. Idan aka sace irin wannan babur, sana'a ta tsaya, bashi kuwa yana nan bai tafi ba.

Gidajen garin kuma ba a gina su da tunanin ajiye mota ba. Akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai katangar ƙasa ko ta bulo, a wasu wuraren darni ne kawai. Wanda yake haya ɗaki ɗaya ne rabonsa. Saboda haka mashin yakan kwana a zaure, ko a jikin taga, ko a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, da makullin wuya kaɗai.

Kafin a yi maganar kariya, sai a raba ɓarayi gida biyu. Akwai ɓarawon dare mai sanɗa, wanda yake tsoron a farka, yake tsoron a gane fuskarsa. Akwai kuma ɗan bindiga, wanda yake zuwa da makami ba ya neman izinin kowa. Sarƙa da kwaɗo da ƙararrawa duk maganin na farko ne. Na biyun maganarsa daban, za a zo kanta.

Yadda tiraka take aiki, da inda take gazawa

Tiraka tana da sassa biyu. Ɗaya yana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS ya lissafa inda babur yake. Wannan ba ya buƙatar data. Ɗayan kuma layin waya ne da ke cikinta, wanda yake aika wannan bayani zuwa manhajar mai babur ta intanet ko ta tes. Idan babu sabis, na'urar ta san inda take, amma ba ta da bakin faɗa wa kowa. Abin da mai babur zai gani a wayarsa shi ne wuri na ƙarshe da aka samu sabis, alhali mashin ya daɗe da wucewa.

A birni wannan ƙaramar matsala ce. A Wasagu babba ce, domin ɓarawo ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya bar titi ya shiga daji inda sandar sabis take ɓacewa. Ba a manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk babur ɗin da ya tsallaka can a wancan lokaci, tirakarsa da babu duk ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce wuta. Yawancin tiraka masu araha a batir ɗin babur ake jona su, ɗan batir ɗin da ke cikinsu na 'yan sa'o'i ne. To kowa ya san yadda ake hawan mashin a ƙauye: batir ya mutu tun bara, ana buga kik ana tafiya. Irin wannan babur ba zai riƙe tiraka da dare ba, lokacin da inji yake a kashe. Wanda batir ɗinsa yake da rai kuma, idan ya ajiye mashin kwanaki bai tayar ba, tirakar tana iya shanye shi.

Ta uku layin ne da kansa. Dole ya kasance an haɗa shi da lambar NIN, dole a riƙa sa masa kati ko data, kuma kamfanonin waya suna rufe layin da ya yi watanni ba a yi amfani da shi ba. Mutane da yawa sukan sa tiraka su yi ta kallon taswira mako biyu na farko, sannan su manta. Ranar da aka yi satar ne za su gane cewa layin ya daɗe da mutuwa.

Ta huɗu, babur ba mota ba ne. Wuraren ɓoye abu a jikinsa kaɗan ne: ƙarƙashin kujera, cikin murfin gefe, bayan fitila, ƙarƙashin tanki. Ɓarawon da ya saba ya san su duka, kuma cikin 'yan mintuna zai bi waya ya tsinke. Wani ma ba zai wahalar da kansa ba, zai warware mashin ya sayar da inji daban, taya daban, tanki daban.

Ta biyar ita ce mafi nauyi: ko da taswira ta nuna wurin, wa zai je? A Kenya da Uganda, kamfanonin da suke bayar da babur bashi, irin su Watu, suna sa tiraka a baburansu, kuma tana yi musu amfani domin suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, suna kuma tafiya da 'yan sanda. Matashin da ya ga ɗigon babur ɗinsa yana motsi a cikin dajin da ke tsakanin Kebbi da Zamfara ba shi da irin wannan gata. Idan ya tara abokai suka bi sawu, yana iya asarar abin da ya fi babur.

Wasu suna cewa to a sa AirTag na kamfanin Apple, tunda batir ɗinsa yana kai kimanin shekara kuma ba ya buƙatar layi. Sai dai AirTag ba shi da GPS. Yana fitar da siginar Bluetooth ne, sai wata iPhone da ta gitta kusa ta ɗauka ta aika wa mai shi. A garin da yawancin wayoyi Tecno ne da Itel da Infinix, zai iya yin kwanaki bai haɗu da iPhone ko ɗaya ba. SmartTag na Samsung haka yake, wayoyin Galaxy yake nema. Google ma ta buɗe nata tsarin na Android a 2024, amma shi ma sai akwai wayoyi kusa da ke kunne da Bluetooth da data. Bugu da ƙari, an tsara AirTag ne yadda zai yi ƙara, ya kuma sanar da wayar mutumin da yake tafiya da shi ba tare da saninsa ba. An yi haka don kare mutane daga masu bibiyarsu a ɓoye, amma ɓarawo ma yana cin moriyar wannan gargaɗi.

A taƙaice, tiraka tana fara aiki ne bayan babur ya bar gida. Idan ita kaɗai aka dogara da ita, ihu ne bayan hari.

Me ya sa makullin wuya bai isa ba

Boxer nauyinsa kilo 100 ne da 'yan kai. Mutum biyu za su ɗaga tayar gaba su tura shi a kan ta baya, shiru, har su sha kwana. Makullin wuya ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ake iya karyawa da ƙarfin tsiya, wanda ya san wayoyin babur kuma yana tayar da shi ba tare da makulli ba. Kwaɗon da ake tallatawa a intanet na maƙalawa a faifan birki shi ma bai dace da kowa ba, domin Boxer da yawancin baburan kabu-kabu birkinsu na ganga ne, ba su da faifan da za a maƙala shi. Ko ya dace ma, yana hana taya juyawa ne kawai, ba ya hana a ɗauka.

Abin da ɓarawon dare ya fi ƙi shi ne ɓata lokaci da kuma ƙara. Duk kariyar da ba ta tilasta masa ɗayan biyun ba ado ce.

Yadda ake kafa turke

Aikin ba shi da wuya, mai walda da magini na unguwa sun isa. A samu ƙarfe mai kauri, a lanƙwasa shi kamar baka, a yi masa ƙafafu a gicciye yadda ba zai zaru ba. A haƙa rami mai zurfin kusan rabin mita a cikin zaure ko a lungun tsakar gida, a dasa ƙarfen, a zuba kankare. Buhun siminti ɗaya ba zai ƙare ba. A bar shi ya yi aƙalla mako guda ana yayyafa masa ruwa kafin a fara ɗaure babur. A kafa shi dab da bango, ta yadda idan aka jingina mashin zai rufe turken, mai son yanka ba zai samu wurin tsayawa ba.

Sai sarƙa. Sarƙar ɗaure jarka ko ta ƙofar shago ba ta da amfani a nan, almakashin yankan rodi yana datse ta kamar rake. A nemi ta ƙarfe mai tauri, wadda kaurin zobenta ya kai milimita 12 ko fiye. Mai milimita 16 ta fi ƙarfin yawancin almakasan hannu, sai dai tana da nauyi da tsada, amma tunda a gida za ta zauna nauyin ba matsala ba ne. A zura ta ta cikin firam ɗin babur da tayar baya. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai zai iya wayar gari ya tarar da taya a turke, mashin ya tafi, domin kwance noti ɗaya ya isa a cire ta. Kada a bar sarƙa ko kwaɗo suna kwance a ƙasa, saboda ƙasa ce take ba mai yanka wurin dannawa, take kuma ba mai guduma maƙera. A ɗaure ta tamau, a sama.

Kwaɗo shi ma a zaɓa. Sarƙa mai tsada da kwaɗon ɗari biyar asarar kuɗi ce. Wanda jikinsa ya rufe yawancin bakinsa ya fi, domin almakashi ba ya samun wurin kamawa.

Gaskiya ne injin yankan ƙarfe mai batir yana cin kowace sarƙa. Amma yana yi ne da kururuwa da tartsatsin wuta, kuma a garin da dare yake shiru kamar Wasagu, wannan ƙara ita ce mai babur yake so. Ɓarawon da ya leƙo ya ga turke yakan wuce ya nemi wanda aka jingine a banza.

Ɗan haya ya fara neman izinin mai gida, domin turke ba ya ɓata gini, zai ma amfani wanda zai shiga bayansa. Idan an ƙi, a ɗaure a ginshiƙin ƙarfe ko babbar bishiya, ko maƙwabta biyu su haɗa baburansu da sarƙa ɗaya, kan wannan a wutsiyar wancan. Ɗaukar mashin biyu a haɗe ba aikin mutum biyu ba ne.

Shigar da babur ɗakin kwana

Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin mafita, kuma ta fuskar sata tana aiki. Haɗarinta ne ba a faɗa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, daidai inda ake shimfiɗa katifa, ake kunna maganin sauro, ake ajiye kaskon gawayi da hunturu. Tayar da inji a cikin ɗaki kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Idan babu wani wuri sai ɗakin, a kashe mashin tun a waje, a bar shi ya huce, a rufe famfon mai, a tura shi da hannu, a bar taga a buɗe, kada kuma ya tare ƙofar fita. Zaure mai ƙofar ƙarfe da turke a ciki ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Inda fasaha take da wurin zama

Bayan turke ya kafu, ƙananan na'urori suna ƙara masa ƙarfi. Kwaɗo mai ƙararrawa, wanda yake ihu da zarar an taɓa shi, yana da araha kuma da ƙananan batura yake aiki, sai dai a riƙa gwada shi, musamman da damina. Fitilar sola mai kunna kanta idan ta ji motsi ba ta jiran wutar lantarki, kuma mai sanɗa ba ya son haske. Bakanike amintacce zai iya sa ɓoyayyen makunni da zai hana inji tashi ko an haɗa waya. Tsohon buhu ko tamfol da aka lulluɓe mashin da shi yana hana mai wucewa sanin sabo ne ko tsoho.

Kyamara mai sola da layin waya tana da amfani, amma a san iyakarta: tana ɗaukar hoton mutumin da ya rufe fuska da rawani, ba ta riƙe masa hannu.

Aikin da waya ta fi iyawa kyauta ne, kuma shi aka fi sakaci da shi. A ɗauki hoton lambar shasi da aka buga a ƙarfen wuyan babur, da lambar inji, da rasiɗin saye, da takardun rajista, da duk wata alama ta musamman kamar lotsawa ko walda. A ajiye su a Google Drive ko a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, don kada su tafi tare da wayar. Fenti yana canzawa, lambar gaba tana cirewa, amma waɗannan lambobi su ne hujjar da 'yan sanda za su nema idan aka kama mashin a wani gari. Wanda bai yi wa babur ɗinsa rajista ba ya sauƙaƙa wa ɓarawo rabin aiki.

Bayan duk wannan, mai hali ya sa tiraka. Ya zaɓi layin da ya fi ƙarfi a hanyoyin da yake bi, ya gyara batir, ya sa wa kansa tuni a waya yana duba ta kowane mako. Idan abin ya faru, ya kai bayanin ofishin 'yan sanda. Kada ya kashe injin daga nesa alhali mashin yana gudu a kan titi, domin wanda za a buge wataƙila mai tafiya a ƙasa ne.

Akwai kuma ɓarakar da wayar take buɗewa da kanta. Matashi ya sayi sabon mashin, ya ɗauki bidiyo a ƙofar gida da ledarsa ba a cire ba, ya ɗora a TikTok: ga babur, ga lamba, ga launin ƙofa, ga gajeriyar katanga. Gobe ya ɗora cewa ya tafi biki Zuru sai jibi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Murna ba laifi ba ce, amma ana iya yin hoton a wani wuri, a kuma ɗora labarin tafiya bayan an dawo.

Kasuwar da take ciyar da ɓarawo

Babu wanda zai saci babur idan babu mai saye. Matashin da aka kawo wa mashin a rabin kuɗi, babu rasiɗi, lambar inji a goge, ya san abin da yake saya. Bakaniken da yake karɓar inji da tanki da asuba ba tare da tambaya ba shi ma ya sani. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma wanda ya saya yau shi za a yi wa gobe.

A nan ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da bakanikai suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba. Kundi ɗaya na lambobin shasi da inji na mambobi, da zauren WhatsApp da ya haɗa Wasagu da Bena da Ribah da Zuru, inda za a sanar da sata cikin mintuna, zai sa sayar da mashin ɗin sata ya yi wuya a duk yankin. Masu unguwanni kuma za su iya ware fili ɗaya mai katanga, da turaku da fitilar sola da mai gadi, inda 'yan haya za su riƙa kwantar da baburansu a kan ɗan kuɗi kaɗan. Idan kuma an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Ɗaukar doka a hannu ya sha cinye wanda bai ji ba bai gani ba.

Idan mai bindiga ne ya zo

Mutanen Danko/Wasagu ba sa buƙatar a ba su labarin 'yan bindiga. A watan Nuwamban 2025 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a cikin wannan ƙaramar hukuma, aka sace ɗalibai. Babur shi ne abin hawan waɗannan mutane, har sukan nemi a haɗa musu da sababbi a cikin kuɗin fansa. Abin ya kai ga cewa a watan Yulin 2022, ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya tana duba yiwuwar hana hawa babur a faɗin ƙasa.

Babu sarƙar da aka ƙera don wannan. Idan mai bindiga ya nemi makulli, a ba shi, har da na kwaɗon. Shi ya sa ya kamata makullin ya kasance inda hannu zai kai gare shi da sauri, kuma matar gida ta san wurin. Tsare gari daga masu makami aikin gwamnati ne da jami'an tsaro, kuma babu wata manhaja da za ta ɗauke musu wannan nauyi.

Amma ɓarawon dare, wanda yake leƙa zaure idan ƙafa ta ɗauke, yana cikin abin da mai babur zai iya. Wanda yake da kuɗin abu ɗaya tak a wannan wata, ya kai su wurin mai walda. Tiraka za ta iya jira har wata mai zuwa.